Take Ɗaya, Kiɗa Iri-iri: Yadda Ake Sabunta Taken Gem Daga Wasa Zuwa Wasa

Duk wanda ya taso a Jos tsakanin shekarun 1990 da farkon 2000, ya kuma saba leƙa shagunan gem na wajen Terminus ko Bauchi Road ko lungunan Anguwar Rogo, akwai sautukan da suka zauna masa a ka ba tare da ya nema ba. Na Mario ne kan gaba. Yawancinmu ma ba a na'urar Nintendo ta asali muka fara jin sa ba, a kwaikwayonta ne da 'yan kasuwa ke shigowa da su daga Asiya, masu ɗan kaset ruwan ɗorawa da ake hura wa iska in ya ƙi kamawa. Yau kuma yaron da bai taɓa ganin wannan kaset ba, da zarar ya ji taken a fim ɗin Mario na 2023, zai waigo ya ce, "Kawu, ai Mario ne wannan." Shi abin da ya shiga kunnensa rundunar makaɗa ce da goge da ƙaho da ganguna. Abin da kawun ya sani kuwa 'yar ƙarar na'ura ce siririya. Babu sauti ko ɗaya da ya zo daidai tsakanin biyun, amma duk sun gane abu guda. To mene ne wannan abin da ba ya canjawa? Me kuma ake canjawa, kuma saboda me?

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, domin ya san take. Sarki na da takensa, ɗan dambe na da nasa, haka mahauci da manomin da ya yi suna a gayya. Makaɗin da ya fara kaɗa taken zai tsufa ya bar wa ɗansa, a kaɗa shi yau da kalangu gobe a busa shi da algaita, a ja shi a hankali ko a tsananta shi gwargwadon taron, amma mai take ko daga nesa ya jiyo sai tsikar jikinsa ta tashi. Abin da yake ganewa shi ne yadda sautin ke hawa da sauka, da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Waɗannan biyun su ne ƙashin bayan take. Kayan kiɗa, da sauri, da sautukan da ke yi wa karin rakiya, duk ana iya taɓa su. A kan wannan ƙa'idar masu tsara kiɗan gem suke aiki shekara arba'in ke nan.

Abin da ya sa kiɗan wasannin farko ke jure kowace irin juyawa yana cikin ƙuncin da aka haife shi a ciki. Na'urar Famicom da Nintendo ta fitar a Japan a 1983, wadda aka sayar a Amurka da Turai da sunan NES, muryoyi biyar kacal gare ta. Biyu masu kaifi ne, su ke ɗaukar kari. Ɗaya mai taushi ce da ake bai wa aikin kauri a ƙasa. Ɗaya shuuu kawai take yi, da ita ake kwaikwayon ganga. Ta biyar tana iya sakin ɗan guntun sautin da aka naɗa, amma tana cin wuri, don haka ba kowane wasa ke taɓa ta ba. Dukan Super Mario Bros. na 1985, da hotunansa da kiɗansa da komai, kilobayit 40 ne. Sannan duk sanda Mario ya yi tsalle ko ya ɗauki kwabo, ƙarar sai ta ƙwace ɗaya daga cikin muryoyin nan masu kaifi na ɗan lokaci. Da wannan Koji Kondo, mai tsara taken Mario, wanda ya shiga Nintendo a 1984, ya yi aiki. Babu zaƙin goge da zai ɓuya a bayansa, babu amon babban zaure. In karin bai tsaya da ƙafarsa ba, babu mai tallafarsa. Ga shi ɗan wasa zai ji shi yana zagayowa ba iyaka a zama ɗaya, dole ya zama wanda ba ya gundura. Karin da ya haye wannan jarrabawa, ka ba fiyano zai ɗauka, ka ba mawaƙa su yi da baki zai ɗauka. A 2023 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da taken cikin rajistar sautukan da ƙasar ke adanawa, kuma shi ne kiɗan gem na farko da ya samu wannan matsayi.

Juyawa mafi sauƙi ita ce ta sauri, kuma tana nan tun a wasan farko. Idan agogon Mario ya kusa cika, saura 100, kiɗan nan dai ne amma sai ya ɗau gudu, hannun ɗan wasa ya soma rawa. Street Fighter II na 1991, wanda Yoko Shimomura ta tsara yawancin kiɗansa, haka yake yi idan jinin ɗaya daga cikin masu faɗa ya kusa ƙarewa. Wannan wasan ya kuma nuna wani abu. Samari biyu za su iya gardama a kan yadda taken Ken ko na Guile, biyu daga cikin masu faɗan, yake, kowa da gaskiyarsa, saboda ɗaya a Super Nintendo ya san shi, ɗaya a Sega. Super Nintendo muryoyi takwas gare ta, tana aiki da guntayen sautin da aka naɗa aka matse cikin kilobayit 64, shi ya sa kiɗanta ke da laushi. Sega Mega Drive kuwa na'urar sautin Yamaha ce a cikinta, mai ƙera sauti da lissafi, nata na fitowa da kaifi da amon ƙarfe. Kafin ma a kai ga wasa na gaba, sauya na'ura kaɗai ya isa ya tilasta sabon tsari.

Inda Kondo ya nuna nisan da kari ɗaya zai iya yi shi ne Super Mario World na 1990. Kusan duk matakan wasan kari guda ne. A fili yana tafe cikin fara'a. A kogo an rage masa gudu, an sa masa amsa-kuwwa, an bar shiru tsakanin gaɓoɓinsa. A ƙarƙashin ruwa an sauya ƙirgen bugun daga huɗu-huɗu zuwa uku-uku, sai ya koma yana lilo. A matakan tsalle-tsalle na sama fiyano ne ke sheƙa gudu da shi. A gidan fatalwa da ganuwar abokan gaba an juya shi daga abin da 'yan situdiyo ke kira mejo zuwa maino, wato an ɗan sauke wasu gaɓoɓi ƙasa kaɗan, fara'ar ta koma fargaba. Mutane da yawa sun cinye wasan ba su lura cewa abu ɗaya suke ji ba. Abin da suka ji kawai shi ne duniyar wasan a haɗe take, kogonta da tekunta 'yan gida ɗaya ne. Sannan ga wata 'yar dabara da daga baya ta zama ginshiƙi: da zarar Mario ya hau Yoshi, dabbar da ke ɗaukarsa a baya, sai a ƙara 'yan ganguna a kan kiɗan da ke tafe, ya sauka su ɗauke.

Abin lura game da taken 1985 shi ne Nintendo ba ta cika mayar da shi babban kiɗan sabon wasa ba. Kowane Mario na zuwa da nasa sabo, tsohon kuma a ajiye shi a wurin da zai yi magana. A Super Mario Bros. 3 na 1988 yana cikin wani ɗan akwatin kiɗa da ke sa abokan gaba barci. A Super Mario 64 na 1996 shi ke tarbar ka a ƙofa, inda fuskar Mario ke cika allo, domin wasan ya koma mai zurfi da kusurwoyi, ana so ka san gida ka shigo duk da ginin ya canja. Wanda ya fi burge ni shi ne na Super Mario Sunshine na 2002. A wasan Mario na goye da na'urar feshin ruwa da ke taimaka masa ya tsaya a iska. Akwai wasu ɓoyayyun matakai da ake ƙwace na'urar, a bar shi da ƙafafunsa kawai kamar yadda yake a 1985. A nan ne tsohon taken ke fitowa, muryoyin mutane ke rera shi da ƙyasta yatsu. An tuɓe wa Mario kayan aiki, an tuɓe wa kiɗan nasa. Wanda ya yi wannan tsari ya san abin da yake son faɗa. A Super Mario Odyssey na 2017 kuma, in Mario ya shiga bututu ya koma ɗan hoton bango irin na da, kiɗan wurin nan take sai ya koma ƙarar NES ba tare da ya yanke ba, wato yanzu sabon kari ake sa wa tsohuwar murya. A birnin New Donk na cikin wasan kai ne ke zagayawa kana tattaro makaɗa ɗaya bayan ɗaya, mai ganga da mai jita da mai ƙaho, kowa ya zo ya ɗora nasa har taken ya cika.

Jerin wasannin Final Fantasy wata hanyar ya bi. Nobuo Uematsu, mai tsara kiɗansa, ya ce kiɗan mabuɗin wasan farko na 1987, sautukan nan da ke hawa su sauko a jere, a ƙurarren lokaci aka nema ya yi shi cikin kamar minti goma. A wasa na huɗu a 1991 aka ɗora masa kari a sama, daga nan ya ci gaba da bin jerin har zuwa na 16 a 2023, inda ya fito da duhu daidai da labarin. Amma wanda ya fi wasa da salo shi ne taken Chocobo, tsuntsun nan da ake hawa, wanda ya fara fitowa a 1988. Kusan kowane wasa sai an kai shi wata unguwar kiɗa: samba a na huɗu, mambo a na biyar, tekno a na shida. A na bakwai kaɗai a 1997 ya fito da fuska da dama, har da wadda aka ƙirga bugunta biyar-biyar, abin da ba kasafai kunne ke cin karo da shi ba. A 2011 aka yi shi da jitar lantarki mai kururuwa da mawaƙi yana ihu. Wannan raha ce tsakanin masu yin wasan da masu bugawa, ana jiran a ga wace riga tsuntsun zai sa bana. Ba kowane take ne zai ɗauki irin wannan ba. Na Chocobo gajere ne, mai tsalle, ba ya ɗauke da nauyin labari, shi ya sa ake iya jan sa ko'ina.

Jerin wasannin Zelda ne a ganina makarantar wannan fanni, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Tun ranar farko da juyawa aka soma. Kondo ya ba da labarin cewa an shirya buɗe wasan 1986 da Boléro, kiɗan Maurice Ravel na Faransa, sai dab da kammalawa aka gano haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba. Cikin dare ɗaya ya ɗauki karin da ya riga ya yi wa filin wasan, ya rage masa gudu, ya ba shi nauyi, ya zama mabuɗi. A Link to the Past na 1991 ya dawo da taken da sautin ƙaho da gangunan yaƙi, ya kuma kawo wani ɗan kari mai sanyi na gimbiya Zelda. Sai 1998 Ocarina of Time ya zo ya yi abin da ba a zata ba: ya bar babban taken, ya ɗauki na gimbiyar ya danƙa wa ɗan wasa a hannu. Sarewar da Link, jarumin wasan, ke busawa gaɓoɓi biyar gare ta, kowace da maɓallinta. Taken gimbiyar gaɓoɓi uku ne a maimaita sau biyu, kai za ka busa da yatsunka, ƙofa ta buɗe, zurfin ruwa ya ragu, aljana ta fito. Abin da mutum ya kaɗa da hannunsa sau da yawa ya fi wanda ya ji kawai zama a zuciya, kuma Nintendo ta ci gaba da cin ribar wannan shekara da shekaru. Babban taken ya dawo fili a Majora's Mask a 2000.

A 2011 Skyward Sword ya fito, labarinsa shi ne mafarin duk tarihin Zelda, kafin a kafa masarautar Hyrule. Babban kiɗansa, mai ƙaho da goge na rundunar makaɗa, da masu bibiya suka juya sautin tallan wasan daga ƙarshe zuwa farko sai ga taken gimbiyar ya fito sarai. An karanta karin ne daga baya zuwa gaba, kamar yadda labarin ya koma baya. Abin da ya sa nake ganin darajar wannan aiki ya wuce wayo shi ne ko ba ka san sirrin ba kiɗan ya tsaya da kansa, yana da ƙarfinsa. Tazarar gaɓoɓin ita ce wadda kunnenka ya saba da ita, don haka kana jin kusanci da shi tun kafin ka san dalili.

Breath of the Wild na 2017 shi ya fi kowa ƙarfin hali. Hyrule ta zama kufai shekara ɗari, Link ya farka ya manta ko shi waye. Manaka Kataoka da abokan aikinta suka bar filin kusan shiru, sai 'yan ɗigon fiyano nan da can, iska da kukan tsuntsu su cike sauran. Da yawa sun yi ƙorafin cewa wasan ba shi da kiɗa. Ban yarda da su ba. Ka hau doki ka yi tafiya mai ɗan nisa ba tsayawa, fiyanon na sukuwa, can sai goge ya shigo a hankali da dogon numfashi. In rana ce taken gimbiyar ne, in dare ne babban taken 1986 ne, an ja shi har sai ka natsu kafin ka gane. Mutumin da ya manta kansa haka abin da ya wuce ke dawo masa, guntu-guntu, ba da kiransa ba. Sai ka isa fadar Hyrule a ƙarshe ake sakin komai, taken jarumin da na gimbiyar da na Ganon, mugun labarin, suna karo da juna cikin kiɗa ɗaya. Da tun a minti na farko aka kaɗa taken da ƙarfi, da ba abin da zai rage wa wannan lokacin. Hana ɗan wasa abin da yake jira, shi ma tsari ne, kuma ya fi ƙara kayan kiɗa wuya.

A Amurka an fi bin hanyar canja halin taken gwargwadon ƙasar da wasan ya sauka. A jerin The Elder Scrolls, Jeremy Soule ya yi wa Morrowind na 2002 kari mai natsuwa da ke farawa da bugun ganga. A Oblivion na 2006, wanda ke tsakiyar daula, karin ya ɗau sauri da ƙahonin fada. A Skyrim na 2011, ƙasar dusar ƙanƙara da mayaƙa, maza talatin aka tara suka rera shi da harshen da aka ƙirƙira wa dodannin wasan, aka naɗa sau uku aka haɗa ya yi kamar mutum casa'in. Halo ma haka: muryoyin maza irin na tsohuwar waƙar coci a 2001, jitar Steve Vai a 2004, fiyano a gaba a 2007 lokacin da labarin ya doshi ƙarshe.

Akwai abin da ya raba wannan aiki da na fim. Mai kiɗan fim ya san a daƙiƙa kaza jarumi zai buɗe ƙofa. Mai kiɗan gem bai sani ba, domin ɗan wasa na iya tsayawa bakin ƙofar rabin awa ko ya juya. Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ita ce ta Yoshi: a jera kiɗan hawa-hawa, a riƙa ɗora wani a cire wani. A matakin teku na Super Mario 64 fiyano ne kaɗai a bakin ruwa, ka nutsa goge ya shigo, ka shiga kogo ganga ta biyo. Ta biyu ita ce a yanka kiɗan gunduwa-gunduwa na'ura ta riƙa zaɓa, kamar filin Hyrule na 1998 da ke da guntaye na tafiya, da na tsayuwa, da na lokacin da abokin gaba ya matso. Kamfanin LucasArts ya gina wa wannan manhaja ta musamman mai suna iMUSE tun 1991. Yau wanda aka ba tsohon take ya sabunta, sau da yawa siga uku ko huɗu zai yi, masu tsawo ɗaya da ma'auni ɗaya, don a iya tsallakawa daga ta yawo zuwa ta faɗa a tsakiyar jimla ba tare da kunne ya ji ɗinki ba. Haka Masashi Hamauzu da Mitsuto Suzuki suka yi da kiɗan Uematsu a Final Fantasy VII Remake na 2020.

Wannan wasan ya fito da wata matsala da ba a cika kula da ita ba. A 1997 mutanen cikin Final Fantasy VII ba sa magana da murya, rubutu ne a allo, fuskokinsu ma ba sa nuna komai. Kiɗan ne ke kuka a madadinsu, don haka karin ke gaba, a fili, da ƙarfi. A 2020 akwai 'yan wasan murya, akwai hawaye a ido. In aka bar karin da ƙarfinsa na da zai yi kokawa da magana. Dole ya ja baya, ya koma ƙasa-ƙasa, ya jira inda aka yi shiru. Mai cewa an rage wa kiɗan armashi bai yi ƙarya ba, amma aikin da aka ɗora wa kiɗan ne ya canja.

Wani lokaci kuma ba fasaha ce ke yanke hukunci ba, lauyoyi ne. Taken Metal Gear Solid na 1998, wanda Harry Gregson-Williams ya faɗaɗa a 2001 har ya zama tambarin jerin, bai fito a wasa na huɗu a 2008 ba, bayan an nuna kamanninsa da wani kiɗan Georgy Sviridov na Rasha. Tetris kuwa akasin haka ya samu. Karin da duniya ta sani a matsayin nasa tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Rasha a kan wani ɗan koli da budurwa, wadda baitocinta suka fito daga waƙen Nikolay Nekrasov na 1861. Hirokazu Tanaka ya tsara ta wa Game Boy a 1989, yau ko a ina aka kaɗa ta tubalan da ke faɗowa ake tunawa. Ya kamata a sani kuma cewa galibi kamfani ke mallakar kiɗan. Uematsu ya bar Square Enix, kamfanin da ke yin Final Fantasy, a 2004, amma mabuɗinsa da Chocobonsa suna can, Hitoshi Sakimoto da Shimomura da Masayoshi Soken kowa ya karɓa ya juya yadda ya ga ya dace.

Inda nake da ja shi ne ɗabi'ar ɗauka cewa sabuntawa na nufin ƙara girma. An samu kuɗi, an samu faifai mai wuri, sai a tara makaɗa saba'in a ɗora musu karin da aka yi wa muryoyi uku. Wani lokaci yana kyau. Wani lokaci kuma kaifin ne ke tafiya. Sautin NES yana farawa nan take ya tsaya nan take, kuma Kondo ya auna karinsa da gudun Mario da tsallensa. Goge ashirin ba sa farawa haka, sai sun ɗan ja numfashi, amon zauren ya biyo baya, bugun ya yi laushi. Abin da ke tura yatsa ya danna maɓalli sai ya koma abin saurare a kishingiɗe. Tambayar da ta kamata mai tsari ya yi ita ce me sabon wasan ke faɗa wanda tsohon bai faɗa ba, kuma ta yaya taken zai taya shi faɗa. In babu amsa, gara a bar shi yadda yake.

Abin da ke damuna a nan gida shi ne yawancin yaranmu ba sa jin ko ɗaya daga cikin wannan. Shagon gem a Jos yau ƙwallo ce ta cinye shi, talabijin biyar ko shida a jere, janareta na ruri a waje, an rage sauti ko an kashe, ihun 'yan kallo ya rufe sauran. A waya ma sau da yawa a kashe ake bugawa. Mutum zai shekara yana wasa bai san an yi masa wani aiki a kunne ba. Na fi jin takaicin wannan saboda matasan da ke ƙananan situdiyo a garin nan, masu haɗa kiɗa a FL Studio suna yi wa finafinai masu dogon zango na YouTube. Sau nawa muke kallon shiri mai kashi hamsin, guntun kiɗa ɗaya ake mannawa duk inda aka yi kuka, yadda yake, ba ƙari ba ragi? Dogon shiri da dogon wasa matsalarsu ɗaya: mai kallo zai zauna da ku watanni. Da za a yi wa jarumar ɗan kari gajere, a fito da shi da sarewa ranar da aka fara ganin ta, a juya shi maino da gurmi ranar da aka sake ta, a ɓoye shi kashi goma, sannan a sake shi da kalangu ranar da ta yi nasara, da an ga bambanci, kuma ba ya buƙatar kuɗin da ya wuce wanda ake kashewa yanzu. Super Mario World kaɗai ya isa darasin wata guda ga mai son koyo, in ya sa iyafis ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Saura batun wanda ya fi son tsohon yadda yake. Da aka sake fitar da Final Fantasy X a 2013 da sabon tsarin kiɗa, masu wasa da yawa sun ƙi shi, har sai da fitowar PlayStation 4 ta 2015 ta ba da damar zaɓa tsakanin tsoho da sabo. Pokémon ta riga ta yi irin wannan a 2009, inda a HeartGold da SoulSilver ake ba ka wani abu a cikin wasan da ke mayar da kiɗan zuwa ƙarar Game Boy. Halo na 2011 da ya sabunta wasan farko ya bar zaɓin, haka jerin Final Fantasy shida na farko da suka fito a Switch da PlayStation 4 a 2023. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin ya kamata ya zama ƙa'ida ga duk wasan da aka sabunta. Yana sakar wa mai tsari mara ya yi nisa yadda yake so, tunda bai goge na kowa ba. Tsofaffin na'urori suna mutuwa, kaset na lalacewa, kuma ga yaron da zai fara Final Fantasy VI bana, wannan maɓallin zaɓin ne zai ba shi damar jin abin da Uematsu ya yi da muryoyi takwas a 1994 a daidai wurin da aka yi shi domin a ji.